Filin Shari'a: Wanda ba a kira ba, hukunci bai hau kansa ba

Da wuya a samu ɗan kasuwa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, wanda ya kama hayar kanti hannu da hannu daga mai wurin. Galibi akwai wani a tsakani: ko dillali, wanda mutanen birni ke kira demarshe, ko ƙanen mai gida, ko babban yaronsa. Shi ke nuna wuri, shi ke ba da makulli, shi ke zuwa karɓar kuɗi a ƙarshen wata. Muddin ana zaman lafiya, babu mai tambayar wanda ya ba shi wannan iko. Ranar da rigima ta kai kotu kuwa, sai a tarar takardar sammaci sunaye biyu kaɗai ta ɗauka, na mai gida da na ɗan haya, shi kuma wanda kuɗin suka bi ta hannunsa yana can gindin icce yana shan shayi. Filin wannan mako ya tsaya ne a kan wannan mutum na uku, da hanyar da doka ta tanada domin a jawo shi cikin shari'a tun ba a yanke ta ba.

Misalin mai kanti da dillali

A ɗauki misalin wani mai sayar da sukari da shinkafa, wanda ya kama kanti a bakin hanyar kasuwa a kan jika 50 kowane wata. Mai ginin wani Alhaji ne da harkokinsa suka zaunar da shi Kwatano, sai ya bar dillali yana kula da wurin. Shekara uku ana biya, dillali yana sa hannu a kan resi, babu tangarɗa. Da damina ta yi tsakiya a watan Agusta, iska ta yaye kwanon rufi, ruwa ya sauka a kan buhuna, kayan jika 600 suka lalace. Mai kanti ya nemi dillali, dillali ya ce masa ya gyara, in ya so ya cire a kuɗin haya. Ya kashe jika 350 wajen magini da kwano da siminti, ya kuma riƙe hayar wata huɗu. Abin da bai sani ba shi ne, hayar wata huɗun da suka gabata, wadda ya ba dillali, ko dala ba ta isa hannun Alhaji ba.

Da Alhaji ya dawo ya duba littafinsa, ya ga wata takwas babu kuɗi, watau jika 400. Ya aika da takardar gargaɗi ta hannun wisiye, ma'aikacin shari'ar nan mai kai sammaci, daga baya ya shigar da ƙara yana neman kuɗinsa da kuma a fitar da ɗan haya. Mai kanti ya isa kotu da resi a hannu da ɓacin rai a zuci, yana da tabbacin gaskiya na gefensa. Alhaji ya ce shi bai ba kowa izinin karɓar masa kuɗi ba, dillali aikinsa duba wuri ne kurum, kuma bai san da maganar gyaran rufi ba. To, a nan ne shari'ar ta tsaya cik, domin mutumin da ya san gaskiyar maganar ba ya cikin ɗakin.

Abin da doka ta ɗora wa kowa

Hayar kanti, da mangaza, da ofis, da duk wurin sana'a, tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙungiyar OHADA. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar kafa ƙungiyar a Port-Louis ranar 17 ga Oktoban 1993. An zartar da dokar kasuwancin a Kwatano ranar 17 ga Afrilun 1997, aka sabunta ta a Lome ranar 15 ga Disamban 2010, kuma maganar haya tana cikin aya ta 101 zuwa ta 134. Dokar ta amince da haya ko an rubuta ta ko da baki aka ƙulla.

Aya ta 106 ta ɗora wa mai gida manyan gyare-gyare da kuɗinsa: manyan bangaye, da ginshiƙai, da rufi, da katanga, da ramin salga. Ta kuma ce a rage haya gwargwadon lokacin da ɗan haya ya kasa amfani da wurin. Idan mai gida ya ƙi gyara, aya ta 107 ta ba ɗan haya damar neman izinin kotu cikin gaggawa, ya yi aikin a madadin mai gida, kotu ta ƙayyade kuɗin da kuma yadda za a maido masa da su. Aya ta 112 kuwa ta ce ɗan haya ya biya haya a kan lokaci, a hannun mai gida ko wakilinsa da aka ba izini. Shari'ar mai kanti duka a kan kalmar nan ta izini take rataye. Idan dillali wakili ne na gaskiya, biyan da aka yi masa tamkar an yi wa Alhaji ne. Idan ba wakili ba ne, bashin yana nan daram a wuyan mai kanti, sai dai in an nuna Alhaji ya amince da biyan daga baya ko ya amfana da shi, kamar yadda aya ta 1239 ta dokar farar hula ta tanada.

Kariya daban, ƙarar martani daban

Wanda aka kai ƙara yana da makamai biyu, kuma jama'a da yawa sukan haɗa su wuri guda. Na farko kariya ce: ya ce ba a bin sa, ga resi. Idan ta karɓu, ƙarar mai gida ta faɗi, amma ba ta sa a ba shi ko tamma. Na biyu shi ne ƙarar martani, wadda takardun kotu ke kira da Faransanci demande reconventionnelle: ya ce shi ma yana bin mai ƙarar, yana neman a hukunta masa kuɗin rufi jika 350 da diyyar kayansa jika 600. Ƙarar martani ba ta bukatar sabon sammaci, tun da mai gida yana gaban alƙali. Lauya yakan rubuta ta cikin takardun amsarsa. Sharaɗinta shi ne ta kasance tana da alaƙa ta kusa da ainihin ƙarar. Rufin kanti da hayar kanti tushensu ɗaya. Bashin goro da Alhaji ya ci shekara biyar baya kuwa, wannan sai a nema masa wata ƙofa.

Sai dai ƙarar martani kibiya ce da ke komawa kan wanda ya harbo kaɗai. Mai kanti yana iya cika shafi goma da sunan dillali, ya zayyana ranar da ya karɓi kuɗi da inda ya karɓa, alƙali ba zai hukunta wa dillali komi ba, domin ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Aya ta 1351 ta dokar farar hula ta tsai da cewa ƙarfin hukunci yana tsakanin waɗanda suka yi shari'ar ne. Wisiye ba ya iya ɗaukar hukuncin da aka yanke tsakanin Alhaji da mai kanti ya je ya kama babur ɗin dillali da shi.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan yawa, shi ne a zo da dillali a matsayin shaida. Shaida yakan faɗi abin da ya sani ya kama gabansa. Ko da ya amsa da bakinsa cewa ya ci kuɗin, ba a kansa ake shari'a ba, kuma ba za a rubuta a ƙarshen hukunci cewa ya biya ba.

Yadda ake shigo da na uku

A fadar sarki ko a zauren mai unguwa, abin yana da sauƙi: da an ambaci sunan dillali, sai a tashi dogari ya kira shi, a yi magana gaba da gaba. Mutane da yawa suna shiga kotu da wannan zato, suna jiran alƙali ya ce a kira wane. A kotu kuwa, masu shari'a su ke zaɓen wanda za su ja. Alƙali yana iya nuna cewa ya kamata a kira wani, amma kai takarda aikin mai bukata ne, da kuɗinsa.

Dokar da ke tsara gudanar da irin waɗannan ƙararraki a Nijar ita ce ta 23 ga Afrilun 2015. Hanyar da ake bi sunanta intervention forcée, watau shigo da mutum cikin shari'a ba da son ransa ba. Wisiye yana kai masa sammaci irin wanda ake kai wa duk wanda aka yi ƙara, a sanar da shi shari'ar da ke gudana, da kotun da take, da ranar zama, da abin da ake nema a kansa. Daga ranar ya zama ɗaya daga cikin masu shari'a: yana da ikon ganin takardu, ya ɗauki lauya, ya kare kansa, ya ɗaukaka ƙara idan hukunci bai yi masa daɗi ba.

Abin da ake nema a kansa iri biyu ne. Ana iya neman a hukunta shi kai tsaye, ko ya ɗauki nauyin duk abin da aka hukunta wa wanda ya kira shi, wannan na biyun shi ake kira appel en garantie. Ana kuma iya neman hukuncin ya hau kansa kawai, domin kada gobe ya ce bai san da shi ba.

Lauyan da ya san aikinsa zai jera bukatun mai kanti hawa biyu. Da farko, kotu ta tabbatar dillali wakilin Alhaji ne, saboda haka hayar wata huɗu ta biyu, izinin gyaran da ya bayar kuma ya ɗaure Alhaji, kamar yadda aya ta 1998 ta dokar farar hula ta ɗaure mai wakilci da abin da wakilinsa ya ƙulla cikin iyakar ikonsa. Idan kuma kotu ta ga dillali ba shi da wannan iko, to a hukunta masa ya maido da jika 200 da ya karɓa, ya kuma ɗauki asarar da maganarsa ta jawo. Ko ta wace hanya aka bi, hukunci ɗaya ne ya rufe maganar, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Idan ba a yi haka ba, ga abin da ke iya faruwa. Kotun farko ta ce babu shaidar wakilci, ta hukunta wa mai kanti jika 400, ta fitar da shi. Ya koma ya shigar da sabuwar ƙara a kan dillali, sai dillali ya fito da wata takarda mai hannun Alhaji, ya ce shi aike aka yi shi, kuma ya miƙa kuɗin. Hukunci biyu masu karo da juna, kuɗin shari'a sau biyu, kanti kuma tuni wani ya shiga.

Lokaci da sharuɗɗa

Sharaɗi na farko alaƙa ce. Dole abin da ake nema a kan mutum na uku ya shafi hayar da ake rigima a kanta. Na biyu lokaci ne. Wajibi ne a kira shi da wuri yadda zai samu damar kare kansa. Wanda ya bari sai an rufe muhawara an sa ranar hukunci ya makara. Idan kuma alƙali ya ga an kira shi ne don a ja shari'a a ƙasa, yana iya yanke ainihin ƙarar, ya bar maganar na ukun a baya. Kada kuma a dogara da kotun ɗaukaka ƙara: ƙa'ida ita ce kowa yana da haƙƙin a saurare shi hawa biyu, don haka ba a cika yarda a fara jan mutum a hawa na biyu ba, sai in wani sabon abu ne ya ɓullo bayan hukuncin farko.

Na uku, kira yana da farashi. Akwai kuɗin wisiye, kuma wanda ya jawo mutum kotu ba gaira ba dalili yana iya ƙarewa da biyan kuɗin shari'a har da diyya. Kafin a kira dillali, a tanadi abin da ke nuna hannunsa: resi mai sa hannunsa, saƙon waya, takardar aika kuɗi, mutanen da aka ƙirga kuɗin a gabansu.

Akwai kuma agogon da ke tafiya tun kafin a isa kotu. Aya ta 133 ta ce ba a neman soke haya sai an fara aika gargaɗi, wanda ake kira mise en demeure, a faɗi sharaɗin da aka karya, a kuma ba da wata ɗaya cur domin a gyara. Gargaɗin da bai ƙunshi waɗannan ba ɓatacce ne. Wannan watan shi ne lokacin neman lauya, da tattara resi, da gano inda dillali yake kwana. Mutane da dama sukan ɓata shi a zirga-zirgar komisariya suna ƙarar cin amana. Ƙarar cin amana tana da muhallinta, amma ba ta biyan haya, ba ta kuma tsai da kwanakin gargaɗi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne mafi ɗaci ga ƴan kasuwa: ƙarar martani ba ta ɗauke wa ɗan haya biyan haya. Mai kantin da ya riƙe wata huɗu da ƙarfin kansa, ba tare da izinin kotu na aya ta 107 ba kuma ba tare da rubutacciyar yardar mai gida ba, ya raunana shari'arsa da hannunsa. Cire bashi a cikin bashi sai an san adadin kowane, babu gardama a kansa. Kuɗin rufin da mai gida ke musu kuwa, sai alƙali ya ƙayyade. Wanda ke son ya tsira da kantinsa ya ci gaba da biya. Idan mai gida ya ƙi karɓa, a miƙa masa ta hannun wisiye, in ya sake ƙi a ajiye kuɗin inda doka ta tanada.

Saye, gado da afektasiyon

Dillali ba shi kaɗai ba ne mutum na uku. Idan aka sayar da gini, aya ta 110 ta ce haya ba ta mutu ba, sabon mai gida ya gaji nauyin tsohon. Amma sau da yawa kuɗin kosiyon da abansin shekara suna aljihun wanda ya sayar, sabon kuma ya ce shi bai ga komi ba. Kiran tsohon mai gida cikin shari'ar shi ke sa alƙali ya raba tsakaninsu a zama ɗaya. Sabon mai gidan ma yana iya kiran wanda ya sayar masa, idan an ɓoye masa cewa an karɓi haya gaba.

Idan mai gida ya rasu, aya ta 111 ta ce haya tana nan. A nan ne ake ganin ɗa ɗaya yana karɓar haya, wani ɗan yana kai ƙara. Ɗan haya ya fara tambayar takardar taron dangi da ta naɗa wakilin magada. Idan kuɗinsa sun tafi hannun wani magaji dabam, ya shigo da shi.

Maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati ta fuska biyu. Hayar gidan kwana ba ta cikin dokar OHADA, tana da nata ƙa'idodi, amma hanyar shigo da na uku ɗaya ce. Malamin makaranta ko ma'aikacin duwan da aka yi wa afektasiyon zuwa Tawa, ya ba demarshe kosiyon da abansi tun bai ga fuskar mai gida ba, yana cikin halin mai kantin nan. A ɗaya gefen kuma, ma'aikacin da ya gina ɗan gidansa a Yamai aka tura shi Diffa ko Agadas, ya bar wa wani amanar karɓar haya, shi ne Alhajin wannan misali. Idan ɗan hayarsa ya fito da resi, maslaharsa ita ce ya kira wakilin nasa da kansa, tun da aya ta 1993 ta dokar farar hula ta wajabta wa wakili ya ba da lissafin duk abin da ya karɓa. Haka nan idan ɗan haya ne ya fara kai ƙara, mai gida ya mayar da martanin bashin haya, to wanda ya tsaya wa ɗan hayar a rubuce, ko wanda aka ba sashen kanti haya a ɓoye, ba za a taɓa su ba sai an kai musu nasu sammaci.

Tun ran gini ran zane

Duk wannan wahala takarda guda ce ke kashe ta. Ranar da ake karɓar makulli, ɗan haya ya nemi mai gida ya rubuta da hannunsa cewa wane ne zai karɓar masa kuɗi, da iyakar abin da ya ba shi izini a kai. Kowane resi ya ɗauki sunan mai gida, da watan da aka biya, da adadi, da sunan mai karɓa. Kada a taɓa rufi ko bango sai da rubutacciyar yarda ko izinin kotu, kuma idan ruwa ya ɓata kaya, a kira wisiye ya rubuta abin da ya gani tun buhunan ba su bushe ba.

Idan kuwa sammaci ya riga ya iso, tambayar farko da mai kanti zai yi wa kansa kafin ya shiga ofishin lauya ita ce: kuɗina ta hannun wa suka bi, kuma wa ya ce mini in yi abin da na yi? Duk sunan da ya fito a amsar, in ba ya cikin takardar sammaci, a faɗa wa lauya shi a zaman farko.